Haƙƙin ruwa don wasan kwalekwale a Kolorado: ina dokar ta tsaya?

Ɗalibin Lauya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masana shari'a da injiniyoyin ruwa da ke cikinmu. A yammacin Amurka ana rabon ruwan kogi ne bisa ƙa'idar cewa wanda ya riga fara amfani da shi, shi ke da haƙƙi, ko da gonarsa ba ta bakin kogin. To sai na ga wai a jihar Kolorado gari kan je kotu a rubuta masa haƙƙin ruwa don kawai matasa su yi wasan kwalekwale. Ba noma, ba sha, ba lantarki. Ta wace ƙofa wannan ya shiga doka, kuma ina iyakarsa? Barista, Injiniya, bisimilla.

Kallo Ya Isa: Wasan ruwa har da takardar kotu? Allah Ya ba mu irin wannan ƙoshin.

Barista: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a zo kan wasa sai ka fahimci layin tukuna. Abin ya samo asali ne daga sansanonin masu haƙar zinare a Kalifoniya. Suna buƙatar ruwan wanke ƙasa, filin kuma ba nasu ba ne, na gwamnatin tarayya ne, don haka dokar Ingila da ta ba masu fili a bakin kogi haƙƙin ruwa ba ta yi musu rana ba. Sai suka bi da ruwa yadda suke bi da ramin zinare: wanda ya fara kamawa, nasa ne. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta amince da haka a 1855. Kolorado ce ta fi kowa riƙe shi da hannu bibbiyu. Ta sa shi cikin tsarin mulkinta na 1876, sannan a 1882, a shari'ar Coffin da kamfanin Left Hand Ditch, kotunta ta ce dokar bakin kogi ba ta da gurbi a jihar.

Sharuɗɗan su ne ka karkatar da ruwan, ka yi amfani mai fa'ida da shi, ranar da ka fara kuma ita ce lambarka a layi. In ka bar shi shekara 10 ba ka taɓa ba, ana ɗauka ka yi watsi da shi, sai dai ka kawo hujja. In aka yi fari kuma ba a raba wahala daidai. Mai lambar 1870 zai ɗebi nasa cif kafin mai lambar 1950 ya ga ɗigo.

Injiniya a Denba: Bari in ƙara da yadda abin yake a fili, don a takarda bai kai haka zafi ba. Idan rani ya yi nisa, mai tsohon haƙƙi ya ga ruwansa bai cika ba, sai ya yi abin da suke ce wa kira. Ofishin Injiniyan Jiha zai fitar da sanarwa cewa duk wanda lambarsa ta zo bayan shekara kaza ya rufe. Jami'in rabon ruwa ya shiga motarsa ya bi kanal-kanal, ya murɗa ƙafar get ɗin ƙarfe har ƙasa, in ta kama ya sa sarƙa da kwaɗo. Sai ka ga manomi tsaye, kogi na wucewa ta gefen gonarsa, ciyawar alfalfa tana yaushi, ba shi da ikon taɓawa, domin ruwan na wani ne mai nisan kilomita 50 can ƙasa wanda kakansa ya riga haƙa kwata. Kamar layin jarkoki ne a bakin famfo, sai dai jarkar da aka ajiye tun kafin a haifi kakanka tana nan a gaba, ana gadonta, ana ma sayar da ita.

Baban Fadama: Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, wannan na gane. Abin da ban gane ba, a ƙasar da ake sa wa get kwaɗo manomi na kallo, wane alƙali ne zai ce a bar ruwa ya wuce don yaro ya yi alkafura cikin kwalekwale? Ni shekaruna duka a noman rani na yi su. Ruwan da ya wuce ba a juya shi gona ba, a wurina asara ne.

Barista: Baba, ai kotunansu ma ra'ayinka suka riƙe kusan shekara 100. Wani wurin shaƙatawa mai suna Cascade, kusa da Colorado Springs, ya kai ƙarar kamfanin lantarki da ke son kwashe ruwan da ke zubowa daga dutse, wanda shi ne ke jawo baƙi. A 1913 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yarda hutu da shaƙatawa abu ne mai amfani, amma ta ce ba za ka riƙe kogi sukutum don kyan gani kawai ba. A 1965 Kotun Ƙolin jihar ta ce barin ruwa cikin kogi don kifi ba kamun haƙƙi ba ne, tunda ba a karkatar da komai ba.

A 1973 majalisa ta buɗe ƙofa kaɗan. Ta ce ana iya barin ruwa a kogi don kare muhalli, amma hukuma guda ce tak za ta riƙe irin wannan haƙƙi, wato Hukumar Adana Ruwa ta Kolorado, kuma gwargwadon abin da zai kare muhallin ne, ba na wasa ba.

Inda abin ya juya shi ne 1992. Birnin Fort Collins ya yi gini a cikin kogin Cache la Poudre, da hanyar wucewar kwalekwale da matakalar kifi. Birnin Thornton ya ce ai wannan ba karkatarwa ba ce, ruwa bai bar kogi ba. Kotu ta duba dokar 1969, ta ga ta ce karkatarwa ta haɗa da sarrafa ruwa a cikin hanyarsa ta amfani da gini. Ta ce in dai ginin na yin aikin da aka yi shi dominsa, ya wadatar. Daga nan lauyoyin garuruwa suka ga hanya.

Kallo Ya Isa: Wato a zuba siminti cikin kogi, shi ke nan an "karkatar". Lauyoyi dai sai Allah.

Injiniya a Denba: Dariya kake, amma kusan haka ne. Garin Golden, yamma da Denba, ya gina filin wasan ruwa a rafin Clear Creek a 1998. In ka je za ka ga manyan duwatsu an jera su an ɗaure da kankare, an matse ruwan ya faɗo ya yi tozo yana murɗawa wuri guda. Mai kwalekwalen roba zai shiga tozon ya tsaya a kansa yana juyi, wasu na jira a gefe inda ruwa ya lafa, iyaye na zaune kan duwatsu da 'ya'yansu. In ruwa ya yi ƙasa tozon ya mutu, sai duwatsu tsirara.

Golden ta nemi ma'auni 1,000 a watannin da ƙanƙara ke narkewa. Ma'auninsu kubik fit ne a daƙiƙa, kowane ɗaya kusan lita 28, ka ga wajen lita dubu 28 ke nan duk daƙiƙa. A ƙaramin rafi irin wannan, kusan duk abin da yake kawowa ne in ya cika. Kotun ruwa ta ba su a 2001. Jiha ta ɗaukaka ƙara, a 2003 alƙalan Kotun Ƙoli suka rabu uku da uku, alƙali ɗaya bai zauna ba, sai hukuncin ƙasa ya tsaya. Garuruwan Vail da Breckenridge ma a wannan lokacin suka samu nasu.

Ɗalibin Lauya: To Barista, iyakar fa? Ita na fi buƙata.

Barista: Tun kafin a gama shari'ar Golden majalisa ta firgita, ta yi doka a 2001. Ta amince da haƙƙin, amma ta ɗaure shi. Na farko, mutum ko kamfani ko ƙungiya ba za su nema ba, sai gari, ko gunduma, ko hukumar ruwa ta yanki. Na biyu, dole a yi gini na zahiri a cikin kogi, haƙƙin kuma tsakanin gine-ginen yake, ba duk tsawon kogi ba. Na uku, wanda ya fi jawo rigima, abin da za a ba ka shi ne mafi ƙarancin ruwan da zai isa a yi wasa na hankali. Sannan sai Hukumar Adana Ruwa ta duba ta ba kotu shawara.

Wasa na hankali na wa? Na ɗan koyo ko na gwanin da ke shiga gasa? A kogin Gunnison hukumar yanki ta nemi daga 270 zuwa 1,500, gwargwadon mako. Hukumar jiha ta ce 250 ya isa. Dubi tazarar. A 2005 Kotun Ƙoli ta ja kunnen kowa: ta ce hukumar jiha ba ta da ikon ƙirƙiro nata adadi ta maye gurbin na mai nema, ta kuma ce kotun ruwa ba za ta sa hannu kan duk abin da aka kawo mata ba, sai ta tantance ko shi ne mafi ƙaranci.

A 2006 majalisa ta ƙara ɗaurewa. Haƙƙin na jirgin da ba inji ne kaɗai. Lokacinsa daga 1 ga Afrilu zuwa ranar hutun ma'aikatansu, Litinin ta farko a Satumba, sai in ka nuna akwai masu wasa bayan haka. Ginin sai injiniya mai lasisi ya tsara. Idan kuma jimillar abin da ka nema ta haura rabin abin da kogin ya saba kawowa a waɗannan kwanaki, ba za a ba ka fiye da zango uku ba, kowane zango adadi guda, kuma ba za a rufe wa kowa get dominka ba sai in rufewar za ta kawo maka aƙalla kashi 85 cikin 100 na adadinka.

Hajiyar Damagaram: Ku yi haƙuri in shigo, ni ba lauya ba ce, 'yar kasuwa ce. Akwai abin da bai zauna min ba. Na ga lambar garuruwan nan ta baya-bayan nan ce, wato su ne a ƙarshen layi. Kuma ruwan ba shanye shi suke ba, ya wuce ta ƙarƙashin kwalekwale ya tafi gonar Baba. To faɗan na mene ne? Wa aka cuta?

Injiniya a Denba: Hajiya, kin taɓo inda gizo ke saƙar. Ba wanda aka ƙwace wa ruwan yau. Faɗan na gobe ne. Duk wanda zai zo bayansu ya gina dam ko ya ja ruwa daga sama da wurin wasan, dole ya bar musu adadinsu ya wuce. A Kolorado mafi yawan ruwa yana yamma da duwatsu, mafi yawan mutane suna gabas, su Denba da Aurora da Colorado Springs. An daɗe ana huda duwatsu ana jan ruwan yamma zuwa gabas. Ƙaramin gari a yamma in ya riƙe haƙƙin ma'auni 1,000 a tsakiyar kogi, ya toshe wa babban birni hanyar sabon rami ke nan, ba tare da ya sha ko kofi ɗaya ba.

Akwai kuma musaya, wadda mutanen waje ba su cika lura da ita ba. Birni kan ɗebi ruwa a sama, ya biya da wani ruwan daga madatsa a ƙasa, don kada mai tsohon haƙƙi ya yi kuka. Lissafi ya daidaita, amma tsakanin wurin ɗiba da wurin biya kogi ya rame. In filin wasa na wannan tsakanin, sabuwar musaya ta mutu. Shi ya sa masu adawa ke cewa wasu garuruwan ba wasa ne ya dame su ba, katanga suke ginawa da sunan wasa. Ni kuma ina ganin ko da hakan ne, ba su yi abin da manyan birane ba su yi ba shekara da shekaru.

Sai yarjejeniyar Kogin Kolorado ta 1922 tsakanin jihohi bakwai. Tsoron jihar shi ne in aka kafa babban haƙƙin wasa kusa da kan iyaka, ruwan da ya kamata ta yi amfani da shi cikin kasonta zai gangara wa na ƙasa a banza. Shi ya sa doka ta ce a duba wannan kafin a ba da haƙƙin.

Baban Fadama: Tsaya, Injiniya. Wato in gonata tana ƙasa da wurin wasan nan, su ne za su riƙa yi min faɗa da masu jan ruwa daga sama, ruwan kuma ya iso gare ni?

Injiniya a Denba: Haka ne, Baba, in dai masu jan sun zo bayansu.

Baban Fadama: To ai mu na ƙarshen kanal mun san darajar mai tsaya maka a sama. Amma ban sauka daga maganata duka ba. Ɗan manomin da ke sama da su, wanda yake son buɗe sabuwar gona, shi aka rufe wa ƙofa. Abinci da wasa ba ɗaya ba ne, ko a Amurka.

Hajiyar Damagaram: Baba, wasan nan abincin wasu ne fa. Mai otal, mai hayar kwalekwale, mai sayar da abinci a bakin kogi. Garin da ma'adinai suka ƙare masa, baƙi ne gonarsa.

Malamin Zaure: Ina bin ku tun ɗazu. Ga ɗan tsokaci ta fuskar fiƙihu, don ɗalibinmu ya ga ba baƙon tunani ba ne gaba ɗaya. A hadisin Zubairu da maƙwabcinsa Ba'ansare, an ce na sama ya shayar sannan ya saki wa na ƙasa. Malikiyya kuma, kamar yadda ya zo a Mukhtasar, sun ce na sama yana shayarwa har ruwa ya kai idon sawu in shi ya riga raya wurinsa. Ka ga rigaye na da nauyi a wurinmu ma. Bambancin shi ne ƙishirwar mutum da ta dabba tana gaban ban-ruwan gona, kuma hadisi ya ce mutane abokan tarayya ne a ruwa da ciyawa da wuta. Ban ga inda malamanmu suka ware wa wasa kaso ba, amma kuma ruwan da bai ragu ba bayan an yi amfani da shi, hana shi sai da dalili.

Ɗalibin Lauya: Allah Ya saka, Malam. Barista, sharaɗin nan na cewa sai gwamnati kaɗai, ni ina ganin rashin adalci ne. Manomi ɗaya na iya riƙe haƙƙi, kamfanin haƙar ma'adinai na iya riƙewa, amma mai kamfanin yawon kogi da ke ciyar da ma'aikata ba zai iya ba. Tsarin mulkinsu bai ce ba za a hana kowa kamun ruwan da ba mai shi ba?

Barista: Ya ce, amma don amfani mai fa'ida, kuma majalisa da kotu ke faɗin abin da ya cika wannan. An gwada abin da kake faɗa. Wani kulob na masu kuɗi kusa da garin Basalt ya ja ruwa daga kogin Roaring Fork cikin kwatarsa, ya bi ta filinsa don kamun kifi da kyan gani, ya koma kogi. Ka lura, su sun karkatar da gaske. Duk da haka a 2015 Kotun Ƙoli ta ce wannan ba amfani mai fa'ida ba ne a idon doka. Dalilinta mai ƙarfi ne: manomi ana iya auna buƙatarsa, eka kaza na masara na shan ruwa kaza, abin da ya haura ɓarna ne. Jin daɗin ido fa, da me za ka auna shi? Mai shi zai ce ƙarin ruwa ƙarin daɗi, ba ranar da zai ce ya isa. A 2017 majalisa ta yi doka ta kare waɗanda suka riga suka sami hukuncin kotu kafin wannan shari'a, amma ƙofar ba ta koma yadda take ba.

Ni a nan ina bayan kotu. In ka bar kowa ya kama kogi da sunan nishaɗi, masu kuɗi za su kame shi su jira ranar da birni zai zo da jakar kuɗi.

Ɗalibin Lauya: Amma ai gari ma ba a iya auna nishaɗinsa. Gunnison ta nuna haka, 250 da 1,500.

Barista: Gaskiyarka, ba a warware wannan ba, an dai rage masu iya kawo rigimar. Shugaban gari yana da masu zaɓe, cikinsu har da manoma da masu son gina gidaje a sama. Mai kulob ba wanda zai tambaye shi.

Kallo Ya Isa: To tunda an bar ruwan a kogi, kowa sai ya ɗauko robarsa ya bi, ko?

Injiniya a Denba: Ina! Wannan wata rigimar ce daban. Haƙƙin ruwa bai ba ka haƙƙin bi ta kansa ba. A 1979 Kotun Ƙolin Kolorado ta tabbatar da laifin kutse kan wasu da suka bi Kogin Kolorado ta cikin wani filin kiwo mai zaman kansa, ta ce ƙasan kogin na mai fili ne. A 1983 babban lauyan jiha ya ba da ra'ayin cewa in ka wuce ba ka taɓa ƙasa ko gaɓa ba, ba ka yi laifin da za a kama ka ba, amma ko mai fili zai iya kai ka ƙara ta diyya, har yau ana ja. A Montana kuwa, mai bin wannan dokar rigaye ɗin, kotu a 1984 da majalisa a 1985 sun buɗe wa jama'a koguna don shaƙatawa. Dokar rabo ɗaya, hukuncin shiga daban.

Hajiyar Damagaram: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. In shekarar fari ta zo, wannan takarda tasu ta ƙarshen layi tana kawo ruwa kuwa?

Injiniya a Denba: Sau da yawa a'a, Hajiya. Abin da ke riƙe masu kwalekwale a zahiri tsofaffin haƙƙoƙi ne da ba don su aka yi ba. Akwai wata ƙaramar tashar lantarki mai suna Shoshone a kwazazzabon Glenwood, lambarta 1902, ma'auni 1,250. Tana jan ruwa ta juya injin ta mayar. In ta yi kira, masu ɗiba a sama da suka zo bayanta dole su saki, har da wasu masu kai wa gabas, sai kogi ya rayu. A Disamban 2023 hukumar yankin Kogin Kolorado ta ƙulla cinikin sayen haƙƙin daga kamfanin lantarki na Xcel Energy kan dala miliyan 99, don ko tashar ta daina aiki ruwan ya ci gaba da gangarowa. Shi ma sai an bi ta Hukumar Adana Ruwa da kotun ruwa, tunda hukumar kaɗai ke iya riƙe ruwa a cikin kogi don kare muhalli. A kogin Arkansas kuma yarjejeniyar son rai ce: ana daidaita sakin ruwa daga madatsu don a riƙe wajen 700 daga 1 ga Yuli zuwa 15 ga Agusta. Ba kotu, ba kira, kuma in babu ruwan ba wanda za ka kama.

Kallo Ya Isa: Mu kai wa Argungu wannan dabara mana. A rubuta wa Matan Fada nata kaso ranar su.

Barista: Ba layin da za a sa ta. Dokar albarkatun ruwa ta Najeriya ta 1993 ta damƙa ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya a hannun gwamnatin tarayya. Ba mu da lambar shekara, ba mu da kotun ruwa. Abin da zai fi kama da namu shi ne na Arkansas, a zauna da masu kula da madatsu a yi magana.

Baban Fadama: In za a zauna, a kira na ƙarshen kanal tun farko, kada a kira mu bayan an gama rabo.

Ɗalibin Lauya: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Barista, in ba damuwa zan turo miki abin da na rubuta kan shari'ar Gunnison ki duba min, musamman wajen rabon aiki tsakanin hukuma da kotu. Har yanzu dai ina kan bakana game da masu zaman kansu.

Barista: Turo bayan la'asar. Ka haɗa da shari'ar 2015, ka karanta har ra'ayin alƙalan da suka saɓa, a can za ka sami hujjar da kake nema a kaina.